Wasan da Kwartei Ya Hana Ni Bugawa

Masu turo min saƙo kuna cewa in daina ja muku rai, ku yi haƙuri, ba jan rai ba ne. Duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai yatsuna su ƙi tsayawa a kan waya. Yau dai na daure.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ayorkor. A Teshie ta birnin Accra aka haife ni, a gidan da ke daidai kwanar da motocin haya ke sauke masu gangarawa bakin teku. Babana ya rasu ina sakandare. Mahaifiyata, Maa, dokunu, wato tuwon masarar da ake dafawa cikin ɓawo, da soyayyen kifi take sayarwa a ƙofar gida tun ban san kaina ba. Ni kuwa sana'ata ita ce abin da Anti Lamiley, yayar Maa, take kira danne-dannen banza. Wasannin bidiyo nake bugawa, in ɗauki abin da nake yi, in yi sharhi a kai, in ɗora a tashata ta intanet.

Ba manyan wasanni nake taɓawa ba, irin waɗanda kowa ya gama yabo. Ni ta 'yan tsaka-tsaki ce, waɗanda masu sharhi ke ba maki shida cikin goma su yi gaba. Wasan da kiɗansa zai sa ka lumshe ido, amma jarumin yana tafiya kamar an ɗaure masa ƙafafu. Wasan da labarinsa zai sa ka ƙwalla, kana tsakiyar share ido dokinka ya shige cikin bango ya maƙale. Babban wasa ɗaruruwan mutane ne suka yi shi, sun goge shi tas, ba ka ganin kowa a ciki. Ɗan tsaka-tsaki kuwa, inda ya yi kyau za ka ga abin da mai shi yake so, inda ya lalace za ka ga abin da bai dame shi ba. Na sha faɗa wa masu kallona haka ina dariya.

A wani taron masu ƙera wasanni a Osu na haɗu da Kwartei, bara. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum cikin farar riga mai guga kamar takarda. Yana da ɗan kamfani da ke yi wa shaguna manhaja. Ya ce min ya daɗe yana kallon tashata, ya ma kawo min maganganun da ni kaina na manta na yi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Tun ranar yake kira na Naa.

Kafin wata ya zagayo ya san hanyar gidanmu, kafin wani ya sake zagayowa Maa ta fara ce masa ɗana. Shi ya sauya kwanon rumfarta. Shi yake kai ta asibiti idan gwiwarta ta motsa. Ranar Lahadi yana bayanta a coci, riƙe da jakarta. Dokar Maa ce namiji ba ya wuce falo a gidanmu, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi ya dubi lungun da ke kaiwa ɗakunanmu. Anti Lamiley har misali take yi da shi a taron mata.

Abu ɗaya ya taɓa roƙo na. Ya ce shi ma ya yi wani ɗan wasa shi kaɗai, sunansa Gidan Kan Kwana.

"Don Allah, Naa, kada ki buga shi. Aikin ɗan koyo ne. Idan kika yi min irin fiɗar da kike wa mutane, ina zan sa kaina?"

Na yi dariya na ce na ji. Na kuma riƙe alkawarin, har zuwa makon da danginsa za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aurena.

Ranar Asabar aka sa. Ranar Laraba da safe tela ta kawo kayan da zan sa, riga da dogon siket na atamfa shuɗiya mai ratsin ruwan zinari, an yi wa wuyan ado da farin leshi. A falo aka tsayar da ni, Anti Lamiley tana jan zif kamar da shi take faɗa.

"Ja cikinki. Kullum kina zaune gaban kwamfuta kina cin soyayyar ayaba, ga sakamakon nan."

"Anti, numfashi nake son yi."

"Kya yi bayan Asabar."

Maa tana kan kujera tana shafa sauran ƙyallen, fuskarta kamar an kunna fitila. Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce min ba.

"Maa, ba za a ɗan ɗaga ba? Ko zuwa bayan Ista?"

Tela ta sunkuyar da kai ta hau tsintar allurai.

"Me ya yi miki?" in ji Maa.

"Ba komai."

"Ya zage ki? Kin kama shi da wata?"

"A'a."

"To mene ne?"

Me zan ce? In ce wani lokaci ina tashi daga barcin rana wayata take ƙara, kamar jira yake in buɗe ido? In ce ranar da na yi kuka ni kaɗai a ɗaki, ban gaya wa kowa ba, sai ga shi da yamma da ledar cakulan yana cewa zuciyarsa ce ta ba shi ba na jin daɗi? Duk macen da na gaya wa haka cewa take in gode wa Allah.

Anti Lamiley ta sake ni ta riƙe ƙugu. "Shekara ashirin da bakwai, Ayorkor. Sa'anninki suna kai 'ya'ya makaranta, ke kina harbin dodanni a allo. Allah ya jefo miki mutum har gida, kina maganar Ista. Kawunanki sun riga sun ɗinka kaya. An sayi kaji. Ke kike da bakin zuwa ki ce musu an ɗaga?"

"Yaya, bar ta," in ji Maa a hankali. Ta dube ni. "Tsoro ne, kowace mace tana ji. Ni dai so nake in ga kin samu inda za ki jingina tun ina tsaye da ƙafata."

Wannan maganar ta fi duk faɗan Anti kashe min jiki. Na ce to.

Bayan azahar suka koma bayan gida naɗe dokunun yamma, ni kuma na shige ɗaki na turo ƙofa. Kunyar kaina nake ji. Mutum bai yi min komai ba sai alheri, ni kuma ina ta neman aibinsa. Sai wata dabara ta zo min, na rubuta wa ƙawata Dzifa.

"Zan buga wasan Kwartei a ɓoye."

"Wanda ya hana ki? Amarya ta fara taurin kai tun kafin a kai ta."

"Kyauta zan yi masa. In nemo duk inda ya yi kyau, in yi sharhi mai daɗi, in ɗora ranar Lahadi."

"Idan kuma ya yi muni fa?"

"In ce kiɗan ya yi daɗi."

"Munafuka. Ki ba ni labari."

Kamar yadda na saba, sai da na fara karanta abin da waɗanda suka riga ni suka rubuta. Ba su da yawa, bakinsu kuma ya zo ɗaya. Shida, shida, biyar da rabi. Wani ya ce bai taɓa ganin gida mai rai irin wannan a wasa ba, har tsatsar ƙofa da tabon mai a bango an zana. Wata ta ce sautin kaɗai ya isa a saya, ka sa abin kunne ka rufe ido kamar kana Accra. Amma duk sun koka da abu guda. Babu abin da ake nema a wasan. Babu maki, babu abokin gaba, kai kanka ba ka da jiki, ido ne kawai yana yawo ɗaki zuwa ɗaki. Akwai wata yarinya a gidan, ba za ka iya yi mata magana ba, ita ma ba ta san kana nan ba. Idan ta nufi ƙofar waje sai ta tsaya cak ta juyo, kullum haka. Wani ya rubuta cewa wannan kuskure ne da ya kamata a ce an gyara tuntuni, tunda mai wasan yana ta ƙara sababbin ɗakuna duk bayan 'yan watanni amma ya ƙi taɓa ƙofar.

Na sa abin kunne, na danna.

Sautin ne ya fara zuwa. Yaran mota suna kiran Nungua, Nungua. Rediyon wani shago. Can ƙasa-ƙasa, rugugin teku. Sai hoto ya buɗe a kan wata kwana, da rumfa, da tukunya tana tururi, da wata mata mai ɗaurin kallabi a karkace tana juya kifi a kasko.

Na yi murmushi. Ashe abin da yake ɓoyewa ke nan, gidanmu ya zana saboda ni. Har na ɗauki waya zan gaya wa Dzifa, sai idona ya kai kan bishiyar kwakwa a gefen rumfar.

An sare kwakwar nan tun kafin in san akwai wani mai suna Kwartei a duniya. Kwanon rumfar ma tsohon ne, mai hudar nan da Maa ke tara wa bokiti. Na koma shafin wasan na duba ranar da aka fara sakin sa. Ya girmi taron Osu da kusan shekara biyu.

Na ba kaina haƙuri. Titi na kowa ne. Wataƙila ya taɓa wucewa ya sayi dokunu, wurin ya burge shi.

Sai yarinyar ta fito daga cikin gida da faranti a kai. Ba fuskata ba ce sak, an ɗan sauya hanci da baki. Amma tana zuwa bakin kwata ta tsallaka da ƙafar hagu tana jan siket da yatsu biyu. Haka nake yi. Maa har tsokana ta take yi a kai.

Na bi ta ciki. Falonmu ne, da kujerun da aka lulluɓe da saƙa, da kalandar coci, da gilashin kabad mai tsaga. Wannan bai dame ni ba, ya zauna a nan sau ba adadi. Yarinyar ta shiga lungu. Na tura ido a bayanta. Ta buɗe ƙofar dama.

Hoton ya yi tsalle. A sauran wurare kana iya juya ido duk inda kake so, a nan kuwa ya kafe wuri ɗaya, daga sama, kamar wanda ya hau tsani yana leƙe. Na tuna wani cikin masu sharhin ya kira wannan lalaci.

Gadona ne. Gidan sauron da na ɗaure da igiyar takalmi saboda ƙugiyar ta karye. Madubina mai baƙin tabo a kusurwa. Kwalbar man kaɗanya a kan taga, murfin a gefe kamar yadda nake barin sa. Da labule mai ruwan ganye.

Watan jiya na sayo labulen nan a kasuwar Makola.

Yarinyar ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Ta warware gashinta, ta jawo wani ɗan hoto daga ƙarƙashin katifa, ta ɗora shi a gwiwa. Leɓɓanta suka fara motsi, babu sauti. Can ta sa bayan hannu ta share ido. Wannan ne wurin da masu sharhi suka fi yabawa. Wata ta rubuta cewa ita ma sai da ta yi hawaye, ta ce mai wasan ya san zuciyar mace.

Hoton babana ne. Idan abu ya ishe ni, haka nake zama in yi masa magana. Ko Maa ba ta sani ba.

Jama'a, ban yi ihu ba. Ihun ma bai zo ba. Aikina ne in gane inda aka dasa ido a wasa. Na dubi allon, na auna. Gado a hagu, taga a gaba, ƙofa ba ta fito ba. Ke nan idon yana saman ƙofa.

Ban juya ba, don na san abin da ke wurin. Agogon bango ne, fari, mai baƙin kewaye, wanda Kwartei ya kawo lokacin Kirsimeti ya ce don in daina makara wurin ɗaukar shiri. Maa da kanta ta hau kujera ta rataye shi, tana cewa ɗanta ya ce saman ƙofa ya fi, an fi gani daga gado.

Ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗora min hannu. Na tuna sau nawa na fito wanka na tsaya a tsakiyar ɗakin nan. Na tuna daren da zafi ya hana ni sa komai. Sai kuma na tuna yanzu haka allon kwamfutata yana fuskantar ƙofa.

Na yi hamma ta ƙarya. Na yi miƙa. Na rufe kwamfutar a hankali kamar wadda wasa ya gundura, na rungume ta, na wuce ta ƙarƙashin agogon kaina a ƙasa. Ina jin ƙararsa, kas, kas, har na fita. A lungu na zauna a ƙasa.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Naa, ya kayan? Sun zauna?"

Da ƙyar na haɗa haruffa. "Sun yi kyau."

"Me kike yi?"

"Ba komai. Zan taya Maa aiki."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Abin mamaki. Wasan nan nawa da na ce miki, yana nuna min garin da mai bugawa yake. Yau wani daga Teshie ya shiga gidana."

Wani saƙon nasa ya biyo baya.

"Ya daɗe a ɗakin dama."

Na kife wayar a ƙasa. Ta sake ƙara, ban duba ba. Na ɗauke ta kawai na rubuta wa Dzifa cewa ta zo gidanmu yanzu, ta taho da yayanta, kada ta tambaye ni komai.

Maa da Anti suna bayan gida a kan 'yan kujeru, babban baho na ƙullun masara a tsakaninsu, suna cura shi suna naɗewa a ɓawon masara. Hayaƙi ya cika wurin. Maa ta ɗago ta gan ni, ta ajiye na hannunta.

"Lafiya? Kamar kin ga gawa."

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Ban san yadda na jera maganar ba, na dai san na ambaci wasa, na ambaci ɗakina, na ambaci agogo. Anti Lamiley ba ta ko daina naɗi ba.

"Na faɗa miki, Adukwei," ta ce wa Maa. "Da safe Ista, yanzu agogo. Gobe za ta ce maye ne."

"Anti, ɗakina ne a ciki. Bai taɓa shiga ba."

"Ba a ɗakin kike ɗaukar danne-dannen naki kina watsa wa duniya ba? Kowa ya gani."

"Bango ɗaya kawai ake gani a shirina."

"To mutum ya zana ki don yana son ki, laifi ne? Ni mijina ko sunana bai iya rubutawa daidai ba har ya mutu."

Maa ta dubi fuskata. Na san abin da ke ranta. Kaji, kawunai, matan coci, rumfar da ya gyara, da duk safiyar da ya zauna da ita a layin asibiti.

"Ayorkor," ta ce, "yaron nan ko tabarmar ƙofar lungu bai taɓa takawa ba. Ki ji tsoron Allah. Idan ba kya son sa ki ce ba kya so, kada ki ɗora masa abin da zai ɓata masa suna."

Na buɗe kwamfutar a kan turmin da ke kife. Wasan yana inda na bar shi. Na fito da idon daga ɗakin dama zuwa lungu, da niyyar in sake shiga su gani tun daga farko. Sai na lura da ƙofar hagu. Ɗazu ban ko dube ta ba.

Na juyo na dubi Maa.

"Maa, agogo nawa ya kawo da Kirsimeti?"

"Biyu," ta ce.

Na so in rufe kwamfutar, wallahi na so. Amma ita ce ta miƙo hannu mai ƙullu ta nuna allon.

"Buɗe."

Shi ma daga sama aka ɗauko shi. Gadon ƙarfe, akwatunan atamfa jere, Littafi Mai Tsarki a kan matashi, kwalbar man zafi. Matar mai kallabi a karkace ta shigo tana ɗingishi, ta tura ƙofa da ƙafa. Ta zauna a bakin gado, ta cire kallabin. Ta daɗe a zaune. Sannan ta sa hannu cikin rigarta ta ɓangaren hagu, ta zaro wani naɗaɗɗen ƙyalle, ta gyara shi a cinya, ta tura ƙarƙashin matashi. Rigar ta kwanta a wannan gefen, shafe.

Shekarun baya aka yi wa Maa aiki aka cire mata nono ɗaya. Mu ukun nan ne kaɗai muka sani. A coci ce musu aka yi ta je ƙauye jinyar wata 'yar'uwa. Ko ni ba ta yarda in ga wurin.

Ƙullun da ke hannun Anti Lamiley ya faɗi ƙasa.

"Mutum nawa suka ga wannan?" Muryar Maa ba ta yi rawa ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Duk wanda ya sayi wasan, Maa."

"A ko'ina?"

"A ko'ina."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo bokiti ta wanke hannunta, yatsa bayan yatsa, ta goge a zani. Ta miƙe ta shiga ciki. Na bi ta ina cewa kada ta taɓa, idan ta taɓa zai sani, ta bari Dzifa ta zo mu tafi wurin 'yan sanda. Kamar da bango nake. Na ji jan kujera a ɗakinta, na ji a nawa. Ta fito da agogunan biyu a kife a ƙirjinta, ta wuce ni, ta saka su cikin babbar tukunyar da ba a ɗora ba, ta rufe da murfi, ta ɗora dutsen niƙa a kai.

"Ba zan fasa ba," ta ce, "hukuma za ta so gani."

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Ni na hau kujera na rataya miki."

"Maa, ba ki sani ba."

"Da safe kin tambaye ni Ista." Ta kama fuskata da hannuwanta masu sanyin ruwa.

Anti Lamiley tana tsaye, ta ɗauki muciya ba ta ma san ta ɗauka ba. Sai cewa take, "A gidan nan ya ci abinci. Da hannuna na zuba masa."

Wayata tana ta haske a ƙasa. Kira biyar, duk nasa. Ƙarƙashinsu saƙon Dzifa, suna hanya amma cunkoso ya riƙe su a unguwar La, ko motsi ba a yi.

Daga ofishin Kwartei zuwa Teshie, a irin wannan lokacin, tafiya ce mai tsawo. Da wannan nake kwantar wa kaina hankali, ina cewa su Dzifa za su riga shi ko da ya taso. Ban yi tunanin tun lokacin da ya turo saƙon farko yana cikin mota ba.

Muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Muka ji an rufe murfinta a hankali, yadda yake yi, shi da ba ya buga komai. Sai ƙwanƙwasa a ƙofar ƙarfe, mai ladabi.

Maa ta nuna min bayan tankin ruwa, can ƙuryar katanga inda muke jingine tsofaffin kwanuka. Na lallaɓa na shige, na tsuguna cikin laima da gansakuka, na toshe bakina da tafin hannu. Daga nan ba na ganin komai sai gindin tankin da ɗan yankin sama. Na ji Maa ta gyara ɗaurin zaninta. Na ji takunta ya bi ta gefen gida, da na Anti a baya.

Ba ta buɗe ba. Ta bayan ƙofa ta yi magana.

"Wane ne?"

"Ni ne, Maa. Barka da yamma. Ya gwiwar?"

"Da sauƙi. Ayorkor ba ta nan, na aike ta Nungua."

Ya ɗan yi dariya, irin wadda yake yi idan Maa ta ƙara masa kifi ya ce ya ƙoshi.

"Ba komai, Maa. Dama agogunan na zo dubawa, na ga kamar sun tsaya." Sai ya ɗaga murya, ba da yawa ba, daidai yadda za ta iso bayan gida. "Naa, ki fito daga bayan tankin nan. Wurin da laima, kuma Asabar ɗin nan baƙi za su zo, ba na so mura ta kama ki."

A bayan gidanmu babu agogo.

Na sauke hannuna daga baki, na ɗaga kai a hankali, na fara bin katanga da ido.